Me za mu kira "antipope" da Hausa? Gobe da safe zan naɗi shirin

Hadiza_Rediyo:
Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da safe zan naɗi shirinmu na tarihin duniya, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: "antipope", wato wanda yake cewa shi ne Fafaroma alhali ga wani a kan kujerar. Shirin a kan ɓarakar cocin Katolika ne, daga 1378 zuwa 1417. Manyan limaman da ake kira kadinal sun zaɓi Urban na 6 a Roma, mutanen gari na ta ihu a waje wai sai an ba su ɗan Roma ko ɗan Italiya. Ba a rufa wata shida ba yawancinsu suka ce tilas aka yi musu, suka zaɓi Kilemen na 7, wanda ya tare a Abinyon, wani gari a Faransa ta yau. Faransa da Sikotilan, daga baya Kastil da Aragon, suka bi na Abinyon. Ingila da Hangari da Folan suka bi na Roma. Kashi na biyu na shirin kuwa hasashe ne: da a ce Sarki Fardinan na Aragon bai juya wa Benedik na 13, magajin Kilemen a Abinyon, baya a 1416 ba, ina lamarin zai kwana? Saboda haka ina son kalmar da ba ta riga ta yanke hukunci ba.

DanMaradi:
Wa alaikumus salam. Fafaroman bogi. An gama.

Hadiza_Rediyo:
Yaya, ai nan matsalar take. Idan na ce bogi tun a minti na farko, na kashe kashi na biyu. A hasashen nawa Benedik ne zai iya yin nasara, na Roma ya koma bogin. Kuma mutumin nan shi ya mara wa Fardinan baya har gidansu na Tirastamara ya hau gadon Aragon a 1412. Sarakuna ba su ɗauke shi jabu ba a lokacin.

Malam_Sani_Nahawu:
Kishiyar Fafaroma. Ku duba da kyau. A darasin nahawu muna cewa kishiyar fari baƙi, kishiyar sama ƙasa, to ga ɗafin "anti" ɗin nan ya fito sarai. Sannan kishiya ba ta haramtacciya ba ce, ita ma da aurenta. Ga rashin yanke hukuncin da Malama Hadiza take nema. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Yakubu_Kaduna:
Malam, da girmamawa, ni ɗan Katolika ne, kuma in na ji wannan a rediyo zan kashe. Kunnen Bahaushe in ya ji kishiya, ɗakin mata yake zuwa, ba littafin nahawu ba. Sannan kishiyoyi duka halas ne a lokaci guda, mu kuwa kujerar Bitrus, wato ta shugaban coci, mutum ɗaya take ɗauka. Wannan shi ne tushen rikicin gaba ɗaya. Af, mu da yawa Paparoma muke cewa, amma wannan ba abin faɗa ba ne.

Malam_Sani_Nahawu:
To a 1409 fa, da taron manyan limaman coci a garin Pisa ya tsige biyun ya naɗa Alekzanda na 5, suka ƙi sauka, aka koma uku? Wace kalma ce za ta ɗauki mutum uku a gida ɗaya in ba tawa ba?

Baba_Dattijo:
Duk kun saki hanya. Bogi Turanci ne, Fafaroma ma aro ce. Yaran yanzu ku ari kalma ku ɗora wa aro, ku ce kuna raya harshe. A ce babban limamin Nasara na ƙarya, kowa ya gane.

DanMaradi:
Ranka ya daɗe, liman ɗin fa daga ina ya zo? Ba Larabci ba ne? Abin da ke ba ni haushi ke nan: in aron ya biyo ta Kano sai ya zama Hausa tsantsa, in mu muka ce lakwal ko lokotoro sai a ce mun gurɓata harshe.

Baba_Dattijo:
Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin kakanninmu ba ɗaya yake da na jiya ba, yaro. Kuma ban ambaci Kano ba, ni Bakatsine ne.

Ummu_Aisha:
Ni kashi na biyun ne ma ya dame ni. An hana mu yawan cewa "da", tana buɗe ƙofar Shaiɗan. Shiri guda a kan "da a ce"?

Hadiza_Rediyo:
Yaya Ummu, wancan "da" ta nadama ce a kan ƙaddarar da ta sami mutum. Tawa ta nazari ce, don mai sauraro ya ga abin da ya juya al'amarin. Misali, Sarki Sigisman na Jamus da Hangari da kansa ya taka har garin Farfinyan a 1415 yana lallashin Benedik ya sauka, ya ƙi. Da Aragon ta janye, sai ya ƙarasa rayuwarsa a ganuwar Feniskola a bakin teku, ya mutu a 1423 yana cewa shi ne na gaskiya. Ba a ga nauyin sarki ɗaya a wannan tafiya sai an cire shi an duba. Don Allah mu koma kan kalmar, dare na yi.

Yakubu_Kaduna:
Fafaroman hamayya. Hamayya ba zagi ba ce, kuma tana juyawa: wanda ke hamayya yau yana iya zama a kujera gobe. Amma Malama, ki faɗa wa masu sauraro inda cocin ta tsaya. Jerin Roma take ƙirgawa. Girigori na 12 na Roma ya yi murabus a 1415, taron Konstans ya tsige Yohanna na 23 na Pisa, magajin Alekzanda, da Benedik, aka zaɓi Martin na 5 a 1417. A 1958 wani Paparoma ya sake ɗaukar sunan Yohanna na 23, lamba ɗaya da wancan, ka ga ba a lissafa na Pisa ba ke nan.

Malam_Sani_Nahawu:
Hamayya warin siyasar jam'iyyu take yi. Mai sauraro zai zaci akwai kujerar shugaban marasa rinjaye a fadar. Benedik bai taɓa ɗaukar kansa ɗan hamayya ba.

DanMaradi:
Nan kam Malam ya yi gaskiya. Mai da'awar fafaromanci fa?

Hadiza_Rediyo:
Ta yi tsawo, sau ashirin zan maimaita ta. Ga abin da zan yi: a gabatarwa zan ce Fafaroman hamayya, in bi da jimla ɗaya ta bayani kamar yadda Malam Yakubu ya ce. Daga nan sai Fafaroman Roma, Fafaroman Abinyon, Fafaroman Pisa, kowa da garinsa. Na gode ƙwarai.

Baba_Dattijo:
Hamayya dai Hausa ce. Rabin ya yi.

Malam_Sani_Nahawu:
Shirinki ne, Malama, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a ajina kishiyar Fafaroma zan ci gaba da cewa. Kuma ki shirya, don masu kiran waya sai sun tambaye ki jam'iyyarsa.