Abin da magina da leburori suka ce kan ƙungiyarsu

A zaman da muka yi da birkiloli da leburori, dattijan cikinsu sun tuna mana cewa haɗin kan magina ba yau ya fara ba. Tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, akwai Sarkin Magina mai raba aiki da sasanta rigima.

Shawarar da aka fi nanatawa: a yanke kuɗin yini a gaban shaida kafin a ɗauki kwanon sarki, domin wani ɗan kwangilar ranar biya wayarsa a kashe take. Kuɗin asusun ƙungiya kuwa a rubuta shi a littafi, tunda da shi ake kai wanda ya faɗo daga bene asibiti. Maganar yi wa sababbin masu ɗaukar bulo rajista ce ba a daidaita ba.