Lauyan gida ko lauyan kotu: wa zai riƙe shari'ar wanda mota ta buge?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tirelar wani kamfani ce ta buge ƙanena yana kan babur, ƙafarsa ta karye gida biyu, har an sa masa ƙarfe. Kamfanin ya turo wakili da 'yan kuɗi da takarda wai mu sa hannu. Muna da lauyan da ke rubuta wa gidanmu takardun fili da na haya, ya ce zai karɓi aikin. Wasu kuma suna cewa mu nemi wanda ya saba tsayuwa gaban alƙali a irin wannan shari'a. Shin akwai wani bambanci, ba duk makaranta ɗaya suka yi ba?

Tsohon Barista ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, kada kowa ya sa hannu a takardar nan sai lauya ya karanta ta. Yawancin irinta cewa take an biya ku gaba ɗaya kun yafe sauran haƙƙi, alhali wanda aka sa wa ƙarfe yana iya buƙatar wata tiyatar nan gaba don a cire shi.

A dokance babu bambanci a Najeriya. Duk wanda ya gama makarantar horar da lauyoyi aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, barista ne (mai tsayuwa a kotu) kuma solisita ne (mai rubuta takardu da ba da shawara) a lokaci guda, ba kamar Ingila ba inda aikin ya rabu biyu. Saboda haka lauyanku yana da ikon shigar da ƙarar. Bambancin yana wajen sabo, kuma yana fitowa tun makon farko, tun ba a je kotu ba.

Wanda ya saba shari'ar rauni zai fara da tambayar wa za a kai ƙara. Direba kaɗai ba shi da abin biya. Dole a haɗa da kamfanin da ya ɗauke shi aiki, a kuma nuna cewa yana bakin aikin kamfanin lokacin da abin ya faru, da sunan kamfanin daidai yadda yake a rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Kuskure a suna kaɗai yana iya cinye watanni ana gardama a kansa. Sai maganar wa'adi. A Legas shekara 3 ce ga ƙarar rauni, kowace jiha kuma da tata dokar, sai an buɗe an duba. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne idan motar ta hukumar gwamnati ce: dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya wata 3 kacal ta bayar. Ana can ana musayar wasiƙu ana jiran amsa, wa'adi ya wuce, ƙara ta mutu tun ba a saurare ta ba.

Sannan tsarin manyan kotunan jihohi yanzu, wanda Legas ta fara a 2004 sauran suka bi, shi ne ka shigar da komai tare: bayanin da'awa, sunayen shaidu, rubutaccen bayanin kowane shaida bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za ka dogara da su. Abin da ba ka ambata a da'awarka ba, ba za a bar ka ka kawo shaida a kansa ba sai ka nemi izinin gyara. Diyya kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa, wato kuɗin asibiti, magani, gyaran babur da abin da ya rasa na sana'a. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya da adadinta an kuma tabbatar da ita, galibi da rasit. Akwai kuma ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ne ke ƙiyasta ta. A nan ba mu da masu taya alƙali yanke hukunci irin na Amurka da lauya zai motsa wa zuciya. Alƙali ɗaya ne, kuma takarda yake dubawa. Rahoton likita da ya ce "karaya a ƙafa" kawai ba ya kawo kuɗi. Ana son wanda ya faɗi wane ƙashi ne, wace tiyata aka yi, ko ƙafar ta gajarta, kashi nawa cikin ɗari na nakasar, da abin da za a kashe nan gaba, kuma likitan ƙashin ya zo da kansa ya amsa tambayoyin lauyan kamfani.

Hotunan da aka ɗauka da waya ma, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buƙaci a haɗa su da takardar tabbaci game da na'urar da ta fitar da su. Zanen wurin haɗari da 'yan sandan MTD, sashen kula da zirga-zirgar motoci, suka yi kuwa, in ba asalinsa ba, sai kwafin da aka buga wa hatimin tabbatarwa. Wanda kwantiragi da takardun fili ne aikinsa na kullum ya karanta duk wannan a makaranta, amma lauyan kamfani zai gwada shi a kan kowanne.

Hajiya Mai Inshora ta amsa:

Barista ya gama magana ta fuskar kotu, bari in ƙara ta ɓangaren masu biya. Tirela mai cikakkun takardu tana da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Ku sa lambar motar a rumbun bayanan inshorar motoci na intanet (NIID) ku ga ko inshorar ta gaske ce kuma ba ta ƙare ba, don ta bogi ta yi yawa. A Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, ta mai da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga ƙaramar mota da 100,000 ga manyan motocin dakon kaya, iyakar biyan kuma miliyan 3 da miliyan 5. Ku lura, wannan iyakar ta ɓarnar dukiya ce, kamar babur ɗin. Kada wani ya ce muku ita ce iyakar abin da za a biya kan raunin jiki.

Mafi yawan irin wannan magana a sulhu take ƙarewa, to amma adadin sulhun ya danganta da wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin. Jami'in biyan diyya yana duba fayil ne ya tambayi kansa: in aka je kotu, wannan zai tsaya? Idan ya ga wasiƙa ɗaya mai zafin harshe babu rasit babu rahoton likita, zai yi tayi kaɗan ya zauna ya jira, don ya san iyalin majinyaci sun fi shi matsuwa. Idan ya ga rahoton 'yan sanda, na hukumar kiyaye haɗurra, hoton ƙashi, lissafi a jere da shaidu biyu da suka riga suka ba da bayani, lissafinsa daban ne. Lauya ya kuma sanar da kamfanin inshorar a rubuce kafin ya shigar da ƙara, in ba haka ba suna iya cewa hukuncin bai hau kansu ba.

Lauyan Unguwa ya amsa:

Yallabai Barista, a yi mana adalci kaɗan. Ba kowane haɗari ne ke buƙatar gwanin kotu ba. Idan ƙujewa ce da gyaran babur, kuma mai motar ya amsa laifinsa, lauyan gida zai gama ta da zama biyu, ko a kai ta cibiyar sulhu ta babbar kotu irin wadda ke Kano, a rubuta yarjejeniya alƙali ya mai da ita hukunci. Shari'a a babbar kotu tana iya ɗaukar shekaru, ga ɗaukaka ƙara a bayanta, kuma ko an ci, karɓo kuɗin wani aiki ne na daban.

Amma a wannan ta Ɗan Kurna na yarda da kai, karaya da ƙarfe da kamfani mai lauyoyi ba wurin koyo ba ne. Kuma ba sai an watsar da lauyan gidan ba. Shi ya san iyalin, shi zai iya bin rasit da shaidu, ya jawo gwanin su yi tare. Lauyan kirki da kansa zai faɗa maka inda hannunsa bai kai ba. Malam, ka tambayi duk wanda za ku ba aikin: shari'ar rauni nawa ya kai har hukunci, a wace kotu, kuma shi zai tsaya ko yaron ofishinsa zai turo? Ka'idar aikin lauya ta yarda a shari'ar da ba ta laifi ba a yi yarjejeniyar sai an ci a ba shi kaso. Ku rubuta ta, a fayyace kason, a kuma faɗi wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita, da ko za a cire su kafin kason ko bayansa. Wanda ba shi da hali ya gwada ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, ƙarar haɗari tana cikin aikinta.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu biyu: an fara kai shi wurin mai ɗori kwana biyu kafin asibiti, kuma aiken ubangidansa yake lokacin da aka buge shi. Wannan zai canza wani abu?

Tsohon Barista ya amsa:

Duka biyun ka faɗa wa lauya tun zaman farko, kada ya ji su a bakin abokin shari'a. Lauyan kamfani zai ce ɗorin ne ya ɓata ƙafar, don a rage diyya. Maganinsa shi ne hoton ƙashi na farko da aka ɗauka, da likita da zai raba abin da bugun ya jawo da abin da jinkirin ya ƙara. Kuɗin mai ɗori kuwa da wuya a samo shi tunda ba ya ba da rasit, sai dai in zai zo ya yi shaida.

Maganar aike kuma ta buɗe wata ƙofar. Idan ma'aikaci ne, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, ta hannun NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati: ya sanar da ubangidan cikin kwana 14, ubangidan ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Rigima tsakaninsa da ubangidan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take zuwa, ba babbar kotun jiha ba. Dokar ta kuma sa mutum ya zaɓa tsakanin karɓar wannan diyyar da kai ƙara, don haka kada ya cike fom ko ɗaya sai lauyan ya auna wadda ta fi masa.