Hayaniya, ƙaiƙayi ko sautin gefe? Inda muka kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan muna kai-komo a kan kalmar nan ta Turanci, "noise", yadda masu ƙera manhajar mayar da magana rubutu suke amfani da ita. Ga inda na tsaya, da abin da ya sa na bar ra'ayina na farko.

Abin da ya jawo zancen, na ɗauki muryar kakata a waya tana yi wa jikoki tatsuniya a tsakar gida da daddare. Ina zaune a gabanta, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Da na ba manhaja ta rubuta, sai ta yi ta kwaɓa. Inda Kaka ta ce "ƙafa" ta sa "kafa", jimla biyu kuma ta haɗiye su ɗungurungum. Sai da na sa iyafis na sake saurare na ji abin da na'urar ta ji: janaretan maƙwabta yana ƙugi, ana kwaramniyar kwanuka a bakin rijiya, muryar Kaka tana dukan katanga tana dawowa.

Yawancinku kun ce "hayaniya". Ni ba ta kwanta mini ba. Hayaniya ta taro ce, bakuna da yawa a lokaci guda kamar a tashar mota. Ƙugin janareta ba hayaniya ba ne, haka iskar hunturu da ke kaɗa makirfo, balle shuuu ɗin rediyo idan tasha ta kuɓuce. "Ƙara" kuma ƙarfi take nunawa, alhali fankar da ke juyawa a hankali ita ma tana cikin lissafi. A wurin injiniya, duk sautin da ya shiga makirfo wanda ba shi ake son rubutawa ba, to shi ne abin nan, ko da murya ce mai daɗi.

Da farko "ƙaiƙayi" na kawo, don aikin ya yi kama da shiƙa. Tun 1979 wani mai bincike, Steven Boll, ya bayyana dabarar auna abin da ke tashi a lokacin da mai magana ya yi shiru, sannan a ɗebe kwatankwacinsa daga sauran faifan. Duk matar da ta taɓa shiƙar gero cikin iska mai ƙarfi ta san tsaba tana bin ƙaiƙayi. Nan ma haka ne. Sautukan s, sh da f ba su da ƙarfi, sun kuma yi kama da shuuu ɗin da ake son kora, idan aka matsa tacewa sai su tafi tare. Shi ya sa wani lokaci faifan da aka tace ya fi daɗi a kunnen mutum, amma na'ura ta fi tafka kuskure a kansa.

Sai wani dattijo daga Damagaram ya tambaye ni: idan kiran salla ne ya shigo faifan, ko karatun almajirai, ƙaiƙayi za ka kira shi? Allah gafarta Malam, gaskiyarku ce, na janye. Bakin Bahaushe ba zai iya furta haka ba, kuma kalmar da mutane za su ji nauyin faɗa ba za ta yi rai ba.

Wata Hajiya malamar makaranta ce ta warware mana: sautin gefe. Hajiya, Allah ya ƙara basira. Kalmar ba ta kushe sautin ba, matsayinsa kawai ta faɗa. Idan mutum biyu suna magana a ɗaki, wanda ake rubutawa shi ne a tsakiya, ɗayan yana gefe, an jima kuma su yi musaya. Wannan ma tana cikin matsalolin da suka fi wuya a fannin. Wani masani ɗan Birtaniya, Colin Cherry, ya yi rubutu a kanta a 1953, yadda mutum ke tsamo murya ɗaya daga cikin taro. Mu kira ta matsalar gidan biki, inda uwa ke jin kukan ɗanta duk da guɗa da kiɗan ƙwarya.

Daga shiƙa na riƙe abu ɗaya: muryar da ake nema ita ce tsabar magana. Ma'aunin da ke nuna yadda ta fi sautin gefe ƙarfi kuwa, ina ganin "rinjayen magana" ya isa. Da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ake auna shi. A 0 sun yi kunnen doki, a 10 magana ta ninka sautin gefe sau goma.

Akwai abin da tacewa ba ta gyarawa. Likitan nan Bafaranshe, Etienne Lombard, ya nuna a 1911 cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan sautin gefe ya yi yawa. Karin muryar yana hawa, wasula suna tsawaita. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda tsawon wasali ne ya raba garin Kano da garin tuwo. Don haka masu ƙera manhaja suke cakuɗa sautin gefe cikin faifan koyar da na'ura da gangan, ko su tara murya daga wurare barkatai. Whisper, manhajar mayar da magana rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, da sauti na awa 680,000 aka horar da ita. Masu ba da murya a Common Voice, shirin tattara muryoyi na Mozilla, inda akwai sashen Hausa, na'urar tana buƙatar jin yadda muke magana a zaure da shago, ba a ɗaki shiru kaɗai ba.

Saura kalma ɗaya. Amsa-kuwwa ta dutse ce, ka yi kira ka jira ta dawo. Wadda ta ɓata faifan Kaka kuwa nan take take dawowa ta lulluɓe magana, kamar a ɗakin siminti da ba kaya. Magina da masu haɗa lasifika a masallatai, me kuke ce mata?