Gidan hutu a Sifaniya: zancen kwanaki 90 da lambar mota

Turawan Birtaniya masu gidajen hutu a Sifaniya sun tattauna kan batun zama a ƙasar da kuma batun mota, ga abin da aka fi yarda da shi. Mallakar gida ba ta ba mutum izinin zama. Tun Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kwana 90 kawai suke da shi cikin kowane kwana 180 a yankin Schengen (rukunin ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba tare da binciken fasfo ba, ciki har da Sifaniya), har da kwanakin da aka yi a Faransa a hanya. Mai son wuce haka sai ya nemi biza tun yana Birtaniya. Wanda kuma ya haura kwana 183 a shekara, Sifaniya za ta ɗauke shi mai biyan harajinta.

Kan mota aka fi ja-in-ja. Baƙo na iya yawo da mota mai lambar ƙasarsa har wata 6 a shekara, amma ajiye ta can shekara guda neman tara ne. Mafi yawansu sun ce a sayi mota can kawai, da lambar NIE (lambar shaidar baƙi a Sifaniya) da shaidar adireshi, a riƙa kai ta gwajin lafiyar mota da ake kira ITV. Ni ma nan na karkata, domin sauya wa motar Birtaniya lamba a hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Sifaniya (DGT) na cin kuɗin kwastan da haraji, ga sitiyari a dama.