Neman Sunan Hausa ga Zagayen Gida ta Intanet

Makon jiya wani dillalin gidaje da muke sallah a masallaci ɗaya ya kawo mini tallansa in mayar masa da shi Hausa, domin yana so ya sa a shafinsa na Facebook, kuma akasarin masu cinikinsa sun fi sakewa da Hausa. Aiki ya tafi daidai har na iso kan kalmomi biyu na Turanci, "virtual tour", sai alƙalami ya tsaya. Na tambaye shi abin da yake faɗa wa mutane da baki, ya ce shi dai cewa yake yi, "zan turo maka gidan a waya." Wannan magana ta wadatar a rumfar dillalai, amma ba za ta zauna a rubuce ba, shi ya sa na kawo tambayar gaban jama'a, kuma amsoshin da suka zo cikin kwana uku sun isa a zauna a tace su.

Abin da ake nema wa suna dai ga yadda yake. Ana kafa kyamara a kan ƙafafu uku a tsakiyar ɗaki, ta juya da kanta ta ɗauki hoto ta kowace fuska, digiri 360, tana kuma auna nisan da ke tsakaninta da bango. Sai a matsar da ita taku kaɗan a sake, daga zaure zuwa tsakar gida, daga falo zuwa kicin, har a gama gidan, sannan manhaja ta ɗinke hotunan su zama abu guda. Mai neman gida yana zaune a wani gari zai taɓa allon wayarsa ya matsa gaba, ya waiwaya, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya auna faɗin ƙofa ya ga ko gadonsa zai shiga. Kamfanin Matterport na Amurka, wanda aka kafa a 2011, shi ya fi yin suna a wannan sana'a, har kamfanin CoStar ya saye shi a 2025 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.6. Annobar korona ce ta fito da abin fili sosai: da aka sake buɗe kasuwar gidaje a Ingila ranar 13 ga Mayun 2020, gwamnati ta shawarci mutane su fara duba gida ta intanet kafin su taka ƙafa. A wurinmu kuwa abin da ya fi yawa shi ne ƙaninsa, wato bidiyon da dillali ke ɗauka yana tafe yana bayani ya tura ta WhatsApp, ko kiran bidiyo da ake yi kai tsaye. Sunan da za mu zaɓa ya kamata ya ɗauki dukkansu.

Wasu shawarwarin ba su buƙatar dogon zance. "Yawon buɗe ido ta intanet" fassarar ƙamus ce, kuma wanda ya tara kuɗin shekara goma yana neman inda zai ajiye iyalinsa ba yawon buɗe ido ya fito ba. "Rangadi" na sarki ne da hakimi da gwamna. "Leƙe" na da warin laifi, domin mai leƙen gidan mutane ba a yi masa kallon mutumin kirki. Wanda ya kawo "kewaya gida" ya janye da kansa tun kafin a tuna masa abin da Bahaushe ke nufi in ya ce zai kewaya.

Wani malamin Larabci ya ce mu bi sawun Larabawa, waɗanda suke cewa "jaula iftiradiyya", wato zagayen da aka ƙaddara an yi shi alhali ba a yi ba, don haka ya ba da "zagayen ƙaddarawa". Ma'anar ta yi kusa da asalin kalmar Turancin ƙwarai, tunda ita ma abin da take nufi shi ne abin da ya tsaya a matsayin wani abu ba tare da ya zama shi ba. Matsalar ita ce kunne. A sana'ar da kullum ake ambaton kadara da kadarori, in aka shigo da ƙaddara, to ranar da aka rubuta talla da wayar da ba ta da ƙ mai lanƙwasa, mai karatu ba zai san ko dukiya ake nufi ko hukuncin Ubangiji ba. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su can masu boko da Faransanci suke faɗa, "visite virtuelle", sauran jama'a kuma su ce an nuna musu gidan a waya, wanda ke nuna giɓin iri ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu.

"Kama-da-wane" ta sami magoya baya da yawa, domin ana yawan ganinta a rubuce-rubucen intanet a duk inda Turanci ya ce "virtual". Ni ban yarda da ita a nan ba. Kama da wane ba ta wane, kuma abin da dillalin kirki ke son tabbatarwa shi ne wannan gidan ne kansa aka ɗauka, ba mai kama da shi ba. Amma kada a jefar da kalmar, akwai inda ta dace sarai. Kamfanonin da ke sayar da rukunin gidaje a Abuja tun kafin a sa harsashi suna nuna gida da kwamfuta ta zana, da shuke-shuke da motoci a ƙofa, alhali wurin fili ne da ciyawa. Wannan shi ne gidan kama-da-wane na haƙiƙa. Abin sha'awa ma, zagayen da ake dangantawa da farkon wannan suna a Turanci irin wannan ne: a 1994 aka nuna wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu tsohuwar fadar Dudley ta Ingila a kwamfuta yadda take a shekarar 1550, alhali a zahiri kango ce.

Wadda ta fi kowace samun ƙuri'a ita ce "gani da ido ta intanet", wani ma ya ƙawata ta ya ce "ga-ka-ga-gida". A nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin gani a cinikin Bahaushe kalma ce mai nauyi. In mai unguwa ya zauna sasanta rigimar ciniki, tambayar farko da zai yi wa mai saye ita ce, "ka gani kafin ka biya?" In ya ce ya gani, rabin ƙararsa ta mutu. Littattafan fiƙihun da aka karantar da mu a zaure ma sun raba abu biyu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta ce babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, sai dai ba a sharɗanta biyan kuɗi nan take, in ba wurin yana kusa ba, ko kuwa abin yana cikin waɗanda ba a tsoron canzawarsu, kamar gida da ƙasa da itace. A mazhabar Malikiyya, wanda ya saya bisa siffa, in ya tarar da abin ya saɓa wa yadda aka siffanta masa, yana da zaɓin fasawa. Ko hoton waya gani ne ko siffa ce, wannan hukunci na malamai ne. Abin da ya shafe mu shi ne kada mu raɗa sunan da zai yanke hukuncin tun kafin a kai gabansu, ya kuma yanke shi a kan mai saye.

Na ga wannan a gidanmu. Yayana da ke aiki a Jidda ya so sayen gida a wata sabuwar unguwa ta awon igiya a bayan gari, wani dillali ya zagaya da shi ta kiran bidiyo ina zaune kusa da wanda ya haɗa su. Muna jin ƙarar silifas ɗinsa a kan tayil yana cewa, "Alhaji, ga falon nan, dubi girmansa, ga ɗakin uwargida, ga rijiya ruwanta ba ya ƙafewa." Falon ya fito kamar filin ƙwallo, saboda kyamarar waya in aka buɗe ta sosai tana miƙar da ɗaki. Da Yaya ya ce, "Malam, ɗan juya ka nuna mini bangon gabas," sai hoton ya wuce da sauri kamar an kori mai ɗauka. Bayan kwana biyu ya ce mini, "Ƙanina, daure ka je ka taka wurin." Na je na tarar da layin danshi a bangon nan har gwiwa, alamar inda ruwa ke kwana da damina, ga injin niƙa jingine da katangar ɗakin kwana, ga kwatar maƙwabta ta bi ta ƙofar gida. Babu ƙarya ko ɗaya a abin da aka nuna masa. Gidan ne, ɗakunan ne, rijiyar ce. Amma da an rubuta a takarda cewa ya yi "gani da ido", da an zalunce shi da kalma.

Wata malama da ke koyar da Hausa a sakandare ce ta kawo kalmar da na tsaya a kanta. Ta ce Bahaushe ya daɗe da ware irin wannan gani ya ba shi suna, shi ne hange. Matafiyi yana hango dutsen Dala tun yana nesa da ganuwa, abin da ya hango kuwa Dala ce ta gaskiya, amma an ce hangen Dala ba shiga birni ba. Hange bai ƙaryata abin da aka gani ba, bai kuma ce an isa ba, kuma wannan shi ne daidai matsayin mai duba gida a waya. Na haɗa ta da zagaye, ya zama "zagayen hange".

An yi mini gyara biyu masu ma'ana. Na farko, hange daga nesa ake yi, kuma bayan abu ake hangowa, alhali wannan fasaha tana kai mutum har cikin banɗaki. Amsata ita ce nisan da ake nufi na mai kallo ne, wanda ke Jidda ko Legas ko Kumasi, kuma kalmar zagaye ta riga ta ɗauki shiga lungu-lungu. Na biyu, an ce zagaye ma ai yana da ɗan'uwa a "bari in zaga". Gaskiya ne, sai dai zagaye ya daɗe da zama a zagayen gari da zagayen gona da zagaye na biyu na zaɓe ba tare da kowa ya yi dariya ba, abin da kewaye bai samu ba. Akwai kuma mai cewa "zagayen hoto" ya fi sauƙi. Ya fi sauƙi kam, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya faɗe shi ba, amma yana iya nufin zagayawa ana ɗaukar hoto, sannan bai gaya wa mai saye komai game da matsayinsa ba.

Na gwada kalmar a jimloli na ji ko za ta zauna a baki. "Na yi zagayen hange a gida uku, ɗaya ne ya kwanta mini." "Zagayen hange kyauta ne, kuɗin mota sai ranar gani da ido." "A yi mana zagayen hange kai tsaye bayan la'asar." Duk sun tafi ba tare da tuntuɓe ba, kuma ta bar wa dillali hanyar rarrabewa: na kai tsaye shi ne kiran bidiyo, na ɗauka shi ne wanda aka ajiye a shafi, na kama-da-wane shi ne zanen gidan da ba a gina ba. Tana kuma da amfani ga mai gida, domin gidan da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsa ba zai so a ce duk duniya ta yi masa gani da ido ba, kuma dillali mai hankali zai nemi izini, ya bari iyali su kauce, a kuma sauke hotunan bango kafin a kafa kyamara. Takardu kuwa ba a hango su. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma sahihancin takardar mallaka a ofishin hukumar filaye ake bincika shi, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, komai kyan hoton da aka turo.

Ga yadda na rubuta wa dillalin layin a ƙarshe: "Muna yin zagayen hange ta waya ga masu nisa, kai tsaye ko na ɗauka. Ba a karɓar kuɗin gida sai mai saye ko wakilinsa ya yi gani da ido, an kuma duba takardu." Ya karanta sau biyu, ya ce jimla ta farko ta yi masa daɗi, ta biyun kuma tana iya korar masu gaggawa. Na ce masa, "Alhaji, kai ka ce in rubuta yadda kake yi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce a bar ta, amma a ƙara cewa la'ada tana nan yadda aka saba.