Faranti ɗaya, baki biyu: muhawara kan raba abincin da aka biya kafin tafiya hutu

Maman Khadija: Assalamu alaikum. Akwai maganar da muka saɓa a kanta da maigidana, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka taɓa kai yara wurin wasan Walt Disney World da ke Orlando a jihar Fulorida. Wanda ya kama ɗaki a otal ɗinsu yana iya biyan kuɗin abinci tun kafin ya taso daga gida. Tsarin da muke dubawa yana ba kowane mutum, a kan kowane dare da aka kwana, tikiti ɗaya na gidan abincin da ake zama a kawo maka, da tikiti ɗaya na wurin da ake karɓa a kanta, da abin taɓawa guda ɗaya. Matsayina shi ne, idan ni da 'yata muka karɓi faranti ɗaya muka ci tare, muka ajiye ɗaya tikitin zuwa wani lokaci, ba mu cuci kowa ba, domin abin da mutum ya biya da kuɗinsa nasa ne, ya ci shi yadda ya ga dama. Shi kuwa maigida yana ganin wayo ne da bai dace da mu ba.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Maman Khadija, ni ina bayan maigidanki. Kamfanin ya shardanta cewa idan za a sayi tsarin, sai an saya wa duk wanda ke cikin ɗakin daga ɗan shekara 3 zuwa sama, kuma na dukan kwanakin da za a yi, ba a zaɓar wasu a bar wasu. Wannan ya nuna mini cewa lissafinsu na kai ne, wato kowane mutum da abincinsa. Idan mutum huɗu suka zauna a tebur suka miƙa tikiti biyu, sun tare kujeru huɗu a wurin da wasu suka yi rajista tun wata biyu kafin su zo, alhali gidan abincin ya sayar da rabin abin da ya sa ran sayarwa. Ko da ba a kira shi cuta ba, akwai ƙwara a ciki.

Hajiya Babba: Baban Sadiq, hujjar da ka kawo ai ta Maman Khadija ce, ba taka ba. Tunda an tilasta wa kowa a ɗakin ya biya, to babu wanda ya zauna a teburin nan a bagas. Kuɗin mutum huɗu ya riga ya shiga aljihun kamfanin tun ana gida. Kuma su da kansu ba su rubuta sunan kowa a kan tikiti ba: ana tara tikitin ɗaki gaba ɗaya a wuri ɗaya, duk wanda ya ci a cire daga jimillar, ana ganin ragowar a jikin rasit da kuma manhajarsu ta waya. Babu dokar da ta ce sai ka kashe na Litinin ranar Litinin. Kana iya cinye uku yau, gobe ka ƙi taɓa ko ɗaya.

Sannan a duba yadda suke ƙirga shekaru. Yaron da ya kai 10 babba ne a wurinsu. Lokacin da aka dawo da tsarin ranar 9 ga Janairun 2024, bayan dakatar da shi tun 2020 saboda korona, kuɗin babba dala 94.28 ne a kowane dare, na yaro ɗan 3 zuwa 9 kuma dala 29.69. Ke nan yarinya 'yar shekara 11, wadda cokali biyar ke ƙosar da ita, an biya mata kuɗin ƙato. Na zauna na ga jikata an ajiye mata kifi da dankali cike da farantin da ya kusa faɗin tire, ta ɗan tsakuri gefe ɗaya ta ture, sai ga kayan zaƙi an kawo a kai, mai kwashe kwanuka ya haɗa duka ya yi gaba da su zuwa shara. Idan ana neman abin kunya a teburin nan, to wannan ne. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi almubazzaranci, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu.

Malam Babba: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ina ganin kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, domin gidajen abincin ba iri ɗaya ba ne, hukuncinsu ma ba zai zama ɗaya ba. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin abincin da aka mallaka maka da abincin da aka ba ka izinin ci kawai. Idan ka sayi malmala biyu a wurin mai tuwo, sun zama naka, ka ci ko ka ba almajiri, ba ruwanta. Amma idan aka gayyace ka walima, cikinka aka yi wa izini, ba a ba ka tukunyar ba.

Mu ɗauki otal ɗaya, Animal Kingdom Lodge, inda akwai gidajen abinci biyu da kusan kowa ya sani. A Jiko mutum yana zaɓar abin da yake so daga jerin abinci, a kawo masa faranti mai iyaka, a cire masa tikiti biyu domin yana cikin manyan wurarensu. Wannan farantin ya zama mallakarsa, kuma idan ya ɗebar wa matarsa rabi, bai ƙara wa gidan asarar ko ƙwayar shinkafa ba. A Boma kuwa ɗebi-da-kanka ne, ka koma sau nawa ka ga dama, a kan tikiti ɗaya. Can abin da aka sayar maka shi ne ƙoshin mutum ɗaya. Wanda ya biya wa kansa, ya riƙa cika faranti yana turo wa na kusa da shi da bai biya ba, ya ci abin da ba a halatta masa ba, ko da ma'aikatan ba su gani ba. Haka yake a 'Ohana, gidan abinci a wani otal ɗinsu daban, da makamantansa, inda ake ta kawo abinci tebur har sai an ce ya isa: duk wanda ya zauna ana ƙirga shi. Yaron da bai kai shekara 3 ba ne kaɗai suka yarda ya ci daga farantin babba ba tare da an biya masa ba.

Baban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan rabe-raben a kan abincin kansa. Amma maganar kujera da lokacin ma'aikaci tana nan ba a amsa ta ba.

Kawun Yara: Bari in amsa ta, domin na yi aikin kai abinci tebur a wani gidan abinci lokacin ina ɗalibi. Wanda raba faranti ke taɓawa ba kamfani ba ne, mai kawo abincin ne. Tsarin da ake magana a kai bai haɗa da tukwici ba, ana biyansa daban, kuma al'adar Amurka ita ce kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da aka ci. Idan kun kai mutum shida a tebur, su da kansu suke saka kashi 18 a cikin takardar. A Fulorida doka ta yarda a biya mai karɓar tukwici ƙasa da mafi ƙarancin albashi da dala 3.02 a kowace awa, saboda an ɗauka tukwicin zai cike giɓin. To ku duba: mutum huɗu sun zauna awa ɗaya da rabi, an kawo musu ruwa sau uku, an kawo ƙarin faranti da cokula, an goge inda yaro ya zubar da lemo, aiki dai na mutum huɗu cif, amma takardar ta nuna abincin mutum biyu, tukwicin ma ya zama rabi. Ni ba na hana kowa raba abinci. Abin da nake roƙo shi ne a faɗa wa ma'aikacin tun farkon zama cewa za a raba, kada a yi ta ɓoye-ɓoye ana tura faranti a ƙarƙashin hannu, sannan a lissafa tukwicin kamar kowa ya ci nasa. Wanda ya yi haka, da murmushi za a raka shi ƙofa.

Maman Khadija: Kawu, wannan na ɗauka, kuma ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Amma akwai sauran rina a kaba, domin ainihin abin da ya sa nake son tara tikitin shi ne ƙanena da ke karatu a Tampa. Tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba, zai zo ya same mu da yamma ɗaya, kuma gidajen abincin da ke cikin otal ba sa bukatar tikitin shiga wurin wasa. Ina so in ciyar da shi da ɗaya daga cikin waɗanda muka rage. Ba zan iya zama ina ci ɗan'uwana yana zaro katinsa ba.

Malam Babba: A nan kam na rabu da ke, Maman Khadija. Cikin sharuɗɗan da mai saye ke amincewa da su akwai cewa ba a mayar da tsarin ga wani, ba a sayar da shi daban, ba a kuma canza shi zuwa kuɗi. Hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ki ɗebar wa ƙanenki daga farantin da aka riga aka kawo miki, wannan kyauta ce daga abin da kika mallaka. Amma ki sa a rubuta masa nasa farantin da nasa abin sha a kan tikitin ɗakinku, kamar yana cikin waɗanda aka biya wa, wannan mayar da tikiti ne ga wanda ba ya cikin yarjejeniyar. Hanyar fita kuma mai sauƙi ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani Ba'ansare mai suna Abu Shu'aibu ya shirya abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai wani mutum ya biyo su. Da suka iso, Annabi ya sanar da mai gidan cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya bar shi, mai gidan kuma ya yi izini. Ki yi haka: ki gaya wa ma'aikacin gaskiya cewa wannan baƙo ne, ba ya cikin tsarin, ki nemi ya tambayi manaja. Idan sun yarda, sun yafe haƙƙinsu. Idan sun ƙi, ki biya masa da kuɗi, karamcin ma ya fi cika.

Hajiya Babba: Malam, da girmamawa, wannan ya yi mini tsauri. Tikitin da ba a yi amfani da shi ba yana mutuwa da ƙarfe 12 na daren ranar da aka bar otal, kuma ba a mayar da ko sisi. A ce mutum huɗu ne na dare biyar: faranti ashirin aka biya, faranti ashirin za a dafa, ko da bakin wa ya ci. Me kamfanin ya rasa idan na ashirin ɗin ya shiga cikin ɗan makaranta maimakon ya ɓace a banza?

Baban Sadiq: Hajiya, ya rasa kuɗin da ƙanen zai biya da a ce ba a rufe shi da tikiti ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, duk mai sayar da irin wannan tsari ya san wasu ba za su cinye nasu ba, kuma da wannan sanin yake yanka farashi. Kina iya cewa sharaɗin bai yi miki daɗi ba, ni ma bai yi mini ba, amma lokacin ƙin sa shi ne kafin a biya, ba bayan an zauna a tebur ba. Irin wannan ne muke gani a wasu otal-otal lokacin Umara, inda aka biya wa mutum biyu karin kumallo, sai ka ga an naɗe dafaffen ƙwai da burodi da 'ya'yan itace a cikin jaka ana hawa da su sama domin mutum biyar. Kowa yana cewa ai an biya, alhali ba abin da aka biya ke nan ba.

Hajiya Babba: Wannan misalin na ɗebi-da-kanka ne, kuma na bi Malam a kansa. Maganata a kan faranti mai iyaka ce. Zan tambaya kamar yadda ya ce, amma ban yarda cewa wadda ta ciyar da ɗan'uwanta da abin da ta biya ta ci haram ba.

Anti Amarya: Ku yi mini afuwa, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan. Maman Khadija, idan tun yanzu kin san ke da 'yarki faranti ɗaya ya ishe ku, me zai sa ku sayi tsarin? A farashin 2024 da Hajiya ta kawo, manya uku da yaro ɗaya sun haura dala 310 a dare, dare biyar kuma ya wuce dala 1,500, ban da tukwici. Tsarin yana yi wa wanda zai zaɓi nama mafi tsada a kowane zama riba, da wanda zai karɓi giya, domin an saka ta cikin abin shan da ɗan shekara 21 zuwa sama zai iya zaɓa. Mu ba ma sha, kuma yawancinmu kifi da kayan lambu muke bi idan ba mu nemi abincin halal tun da wuri ba. Wato muna biyan kuɗin abin da ba za mu taɓa ba. Ki buɗe jerin abincin wuraren da kuke son zuwa, farashinsu yana nan a manhajar, ki lissafa abin da za ku ci da gaske tare da rabawar, har da farantin ƙanenki, sannan ki gwada da dala 1,500 ɗin. Idan kuɗin hannu ya fi sauƙi, ku biya a tebur kawai. Sai dai a Boma da 'Ohana, da tsari ko babu tsari, kowane kai sai an biya masa.