Neman kalma: aikin da kwamfuta ke yi da kanta in lokacinsa ya yi

Malamar Aji: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 ina da darasi a nan Katsina kan cron, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da kanta a lokacin da aka tsara, a tsarin gudanar da kwamfuta na Linux. Layi ɗaya ake rubutawa mai gurbi biyar: minti, awa, kwanan wata, wata, ranar mako. In ka sa 0 2 * * 5 (tauraro na nufin kowanne, 5 kuma Juma'a ce), duk Juma'a da ƙarfe 2 na dare kwamfuta za ta yi aikin ba tare da an taɓa ta ba. Me zan kira shi da Hausa?

Baban Ummi: Jadawalin aiki.

Malamar Aji: Wannan ya dace da crontab, inda ake jera layukan. Shi aikin fa?

Badauri: Aikin Kusugu! Macijin rijiyarmu ran Juma'a kaɗai yake bari a ɗebi ruwa. Ga 5 nan a misalinki, Malama. Mu muka fara wannan tsari tun kafin Bayajida ya iso.

Baban Ummi: To in na kowane minti ne fa? Macijin ya huta kenan?

Tsohon Ɗan Rediyo: Ku yaran yanzu! Jadawali Larabci ne, kwamfuta Turanci. A ce na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Baban Ummi: Baba, Allah ya ja da kwana, ita ma na'urar ai daga Larabci take.

Badauri: Shi kansa cron daga kalmar Girkanci ta lokaci aka ce ya samo suna, ba wanda ya tsangwame su. Amma da Bakano ne ya kawo Kusugu, da tuni kun karɓa.

Malamar Aji: Jama'a, gobe ne fa.

Mai Gyaran Waya: A shagona kowa cewa yake a saita masa ƙararrawa. Ki ce saitaccen aiki. Sai dai ki faɗa musu bambancin: ƙararrawa tashinka take yi ka yi aikin, wannan shi ke yi maka. Kuma in an ɗauke wuta kwamfutar na kashe, cron ba ya ramuwa, sai dai anacron, wata manhaja irinsa da ke rama aikin in an kunna kwamfutar.

Tsohon Ɗan Rediyo: Saita ma Turanci ne. Amma tunda ya shiga bakin mutane har ya haifi saitacce, a bar shi zuwa gobe.

Malamar Aji: Na ɗauka. Saitaccen aiki, jadawalin aiki. Na gode, Baba.

Badauri: Ni dai a ajina Kusugu zan ce.